Man suya a tankin dizal: injin zai ɗauka ko zai kwanta?

Mai Injin Niƙa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana inji. Injin niƙana tsoho ne mai silinda ɗaya, irin mai tafiya a hankali ɗin nan, gadonsa na yi wajen mahaifina. Tun da gas ya haura naira dubu lita, rabin abin da nake samu a gidan mai yake ƙarewa. Jiya yarona ya nuna min bidiyo a waya, wani bature ya tace man da aka gama suya da shi, ya ɗura a mota, ya tayar ya tafi abinsa. Layinmu kuwa masu ƙosai da awara da soya kifi sun fi goma. In na tara man nasu na tace da ƙyalle, na haɗa da gas rabi da rabi, zai yi?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka soma. Tashi kam zai tashi, ba na musu. Amma tashi daban, daɗewa daban. Bara aka kawo min injin ban-ruwa daga fadama, mai shi ya yi wata biyu yana gauraya masa man angurya da gas. Da muka kwance, bakin nozul ya yi kanta baƙi ƙirin kamar ƙanzon tukunya, ringi duk sun maƙale a jikin fistin, baƙin man injin kuwa ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Kuɗin gyaran ya cinye ribar da yake ganin ya ci har da uwar kuɗin.

Direban Tirela: To ai ni na ji an ce wanda ya ƙirƙiro injin dizal ɗin ma da man gyaɗa ya fara tayar da shi. In haka ne, Oga, ina laifin Alhaji?

Malamin Kimiyya: Salamu alaikum. Ku biyun kowa na da gaskiyarsa, sai dai abu biyu ake ta cakuɗawa. Labarin gyaɗa ya faru. A baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris a 1900 an nuna injin irin na Rudolf Diesel yana aiki da man gyaɗa zalla, kuma gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka inda gyaɗa ke da yawa. Amma ba da gyaɗa ya fara ba, gwaji ne aka yi daga baya, a injin da yake juyi a hankali, wanda bai yi kama da na yanzu ba.

Matsalar ɗanyen mai kauri ce. Man gyaɗa ko na angurya ya ninka dizal kauri wajen sau goma. Aikin nozul shi ne ya fesa mai ya zama kamar hazo. In man ya yi kauri, maimakon hazo sai ya fita gudaji-gudaji, bai ƙone duka ba, wani ya daskare a bakin nozul, wani ya gangara ta gefen fistin ya shiga baƙin mai. Abin da Oga ya gani ke nan da idonsa.

Shi kuwa abin da ƙasashe ke haɗawa da dizal, wanda ake kira bayodizal, ba ɗanyen mai ba ne. Sai an dafa man da sinadarin metanol da soda, irin sodar da mata ke yin sabulu da ita. Wannan dahuwar ce ke raba man da giliserin, wato ɓangaren da ke sa shi danƙo. A kilo 100 na mai, wajen kilo 10 na giliserin ne ke kwantawa a ƙasa. Abin da ya taso sama kaurinsa ya kusa na dizal. Shi ake zubawa a tanki.

Mai Injin Niƙa: Ikon Allah. Ashe baturen bai nuna mana duka ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Bai nuna maka ranar da aka jawo motar zuwa gareji ba.

Direban Tirela: Malam, wannan B20 da B5 da nake gani a rubuce a murfin tankin wasu motoci 'yan kwatano fa?

Malamin Kimiyya: Lambar kason bayodizal ce a cikin ɗari. B20 na nufin a jarka mai lita 20, lita 4 bayodizal ne, 16 dizal. B100 kuwa zalla ne. A Turai ƙa'idar dizal ɗin gidan mai ta yarda a sa har kashi 7, shi ya sa za ka ga B7 a jikin famfo. Kenan yawancin manyan motocin da ake shigo mana da su daga can sun sha shi shekara da shekaru kafin su zo hannunku.

Direban Tirela: To ni abin da ya dame ni ƙarfi. In na ɗauko tan talatin na hatsi daga Dawanau, zan hau tudun hanyar Lokoja da shi, ko sai na dinga neman giya ɗaya kamar mai tuƙa tsohuwar roka?

Malamin Kimiyya: Ba za ka ji bambanci a ƙafarka ba in B20 ne. Bayodizal zalla yana da ƙarancin kuzari da wajen kashi 8 cikin ɗari a kowace lita, saboda kusan kashi 11 na nauyinsa iskar oksijin ce, ita kuwa ba makamashi ba ce. In ka raba wannan gida biyar, a B20 ragin bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Tafiyar da ke cin lita 100 za ta ci 102. Tayar da ba ta sha iska sosai ba ma tana iya jawo maka irin wannan asarar. A B100 ne za ka ji motar ta ɗan yi sanyi a kan tudu.

Sannan akwai inda ya fi dizal. Yana saurin kama wuta in an matse shi, musamman na manja, don haka injin ba ya yawan ƙara. Yana kuma da santsi, yana shafe cikin famfon injekta. Da Turai da Amurka suka rage farar wuta a dizal ɗinsu, man ya bushe, famfuna suka fara ci. Kashi 1 ko 2 na bayodizal kawai ya isa ya mayar da santsin.

Mai Janareta a Sabon Gari: Ni zancen hayaƙi nake so in ji. Shagona na ƙanƙara ne, janareta na bayan shago, maƙwabta kullum cikin ƙorafi suke, bangon ma ya yi baƙi. Da gaske wannan man yana rage hayaƙi, ko dai zancen masu neman tallafin turawa ne?

Malamin Kimiyya: Da gaske ne, amma ba kowane hayaƙi ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta tattara gwaje-gwajen manyan injuna a 2002. A B20 ta ga baƙin toka ya ragu da wajen kashi 10, iskar kabon monoksaid, wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, ta ragu da kashi 11, man da bai ƙone ba kuma da kashi 21. A B100 tokar ta ragu da kusan rabi. Dalili shi ne oksijin ɗin nan da na ce yana rage kuzari, shi ne kuma ke taimaka wa man ya ƙone tas.

Abu ɗaya ne ya ƙaru, iskar nan da ake kira NOx, da kashi 2 a B20, kashi 10 a B100. Ita ba a ganin ta da ido, amma tana fusata huhu, masu asma sun fi kowa jin ta. Ita ce kamfanin Volkswagen ya yi maguɗi a kanta aka kama shi a 2015.

Mai Janareta a Sabon Gari: Kashi 10 kawai? Wallahi na ɗauka bangon zai koma fari.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Maigida, janaretan da ke baƙanta bango ba mai ne matsalarsa ba. Ko nozul ya mutu yana ɗiga, ko filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko ka ɗora masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Kawo shi a yi masa sabis hayaƙin zai ragu da abin da ya fi kashi goman Malam, ba tare da ka dafa komai ba.

Malamin Kimiyya: Na yarda da Oga ɗari bisa ɗari a nan. Kuma Oga, kai za ka fi ni gane dalilin ƙaruwar NOx a tsofaffin injuna. Bayodizal ba ya matsuwa kamar dizal, don haka in famfo ya tura shi, yana riga lokaci isa nozul. Tamkar ka ɗan gaggauta taimin ne. Wuta ta fi zafi, NOx ta ƙaru.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: To in haka ne ai sai a ɗan ja taimin baya.

Malamin Kimiyya: Haka ake yi. Sai dai in ka ja da yawa, baƙin hayaƙin ya dawo. Kamar gajeren bargo ne, ka rufe kai ƙafa ta fito.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan gazuwal muke ce wa dizal, kuma tun 2011 matatar SORAZ ke tace mana namu. Abin da nake son in tambaya, dogon yaro ya cika garuruwanmu, 'ya'yansa zubewa suke yi banza kowace shekara, yara na takawa. Man nasu ba ya ciyuwa saboda ɗaci. Shi ba zai yi ba? Ga kuma aduwa.

Malamin Kimiyya: Zai yi, an sha gwada shi a jami'o'i. Wahalarsa ita ce man dogon yaro yakan zo da tsami mai yawa, abin da muke kira sakakken asid. In ka zuba masa soda kai tsaye, sabulu za ka samu maimakon mai. Sai an fara bi da shi ta wani mataki da ruwan asid kafin a zo kan soda, aiki ya zama biyu, kuɗi ya ƙaru. Ka ƙara da ladan masu tsinta da ɓara da matsa. Abin da ke zube banza a ƙasa, kafin ya shiga jarka ya daina zama banza.

Hajiya Mai Sabulu: Ina ta karanta ku ina dariya. Alhaji mai inji, wace mai ƙosan ce ta ce maka tana zubar da mai? Mu mata ba ma zubar da man suya. In ya ja baya ƙari ake yi a kai, gobe a sake ɗorawa. Abin da ya rage a gindin kasko cokali nawa ne, shi ma a miya yake ƙarewa. Can ƙasar turawa doka ce ke tilasta wa gidajen abinci su canza mai, shi ya sa suke da na zubarwa. Ni da nake sana'ar sabulu na fi shekara goma ina neman irin wannan man, da yana nan da kun same shi a wajena.

Mai Injin Niƙa: Hajiya kin kashe min jiki.

Hajiya Mai Sabulu: Gara in faɗa maka tun ba ka sayi durom ba. Kuma soda ba abin wasa ba ce, duba hannun duk mai yin sabulu ka gani.

Malamin Kimiyya: Hajiya ta taɓo inda na fi tsoro. Soda na ƙona fata, metanol kuwa guba ne, kaɗan aka sha yana makantarwa, yana kuma shiga jiki ta fata da numfashi. Yana tafasa tun a digiri 65, tururinsa na kama wuta, harshen wutar ma da rana ba a cika ganin sa ba. Aikin kuma sai an ɗumama man zuwa wajen digiri 55. Ka ce a yi wannan a kan murhun itace a tsakar gida, yara na wasa? A'a.

Ɗan Jos: Ba wanda ya yi maganar sanyi. Mu nan a Disamba da Janairu, da asuba ko man kaɗanya ba ya lakatuwa, manja kuwa dutse yake zama a kwalba. Wanda aka dafa fa?

Malamin Kimiyya: Ya rage amma bai rabu da halin ba. Bayodizal na manja yana fara yin gajimare tun a wajen digiri 13 zuwa 15, ya toshe filta. Jos da Mambila da Agadas duk suna sauka ƙasa da haka da dare a hunturu. Na waken suya sai an kusa sifili yake farawa. Don haka B100 na manja ba naku ba ne a wannan lokacin, amma in kaɗan ne a cikin dizal, kamar B5 ko B10, ba zai dame ku ba.

Ɗalibin Aikin Gona: Malam, bini-da-zugu fa? Lokacin muna yara an zo ƙauyenmu an raba iri, aka ce kowa ya shuka, za a dawo a saya a yi man mota. Babana ya ba shi kadada guda. Har yau ba mu sake ganin su ba, ya koma shingen hana awaki.

Tsohon Ma'aikaci: Ɗana, ba ƙauyenku kaɗai ba ne. Tsakanin 2005 da 2010 duniya ta haukace a kan wannan itace. Aka ce yana fitowa a fako, ba ruwansa da taki ko ruwa. Gaskiya ne yana rayuwa a fako, amma rayuwa ba 'ya'ya ba ce. In kana son ya yi 'ya'yan kirki sai ka ba shi ƙasa mai kyau da ruwa, wato gonar da za ka sa gero. Ga shi 'ya'yan ba sa nuna lokaci guda, sai da hannu ake bi ana tsinka, tunkuzarsa kuma guba ce, ba a ba dabba. Indiya ta zuba buri a kansa ta sha ƙasa. Kamfanin BP ya janye daga harkar a 2009, wani babban kamfani a Tanzaniya ya durƙushe a 2011 bayan ya karɓe wa ƙauyawa filaye.

Mu ma nan Najeriya tun 2007 aka fitar da manufar man tsirrai, da maganar E10 a fetur, wato a haɗa masa kashi 10 na sinadarin etanol, da B20 a dizal. Ina aiki a lokacin, na ga takardun. Wanda ya taɓa sayen B20 a gidan mai a ƙasar nan ya ɗaga hannu.

Direban Tirela: Baba, hannuna na kan sitiyari.

Ɗan Damagaram: Amma a Mali an yi abin kirki da shi. A garin Garalo an ba mutane lantarki da janareton da aka tsara ya sha man bini-da-zugu.

Malamin Kimiyya: Haka ne, kuma wannan ya dawo da mu kan injin Alhaji. Tsofaffin injuna masu tafiya a hankali irin su Lister, masu juyi 650 a minti, sun fi kowane inji haƙuri da ɗanyen mai. Masu yin haka tanki biyu suke sawa. A tayar da dizal, in injin ya yi zafi a juya zuwa man da aka ɗumama da zafin salansa har ya tsinke, kafin a kashe kuma a koma dizal ya wanke layi. Sai a riƙa juye baƙin mai da wuri, a riƙa goge nozul. Ba zuba rabi da rabi a tanki ɗaya da sanyin safiya ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Wannan kam zan iya haɗa wa mutum. Amma in na ji wani ya gwada a sabon inji mai kwamfuta, kada ya zo garejina. Waɗannan famfonsu na matsa mai har "bar" 2,000 a ma'aunin matsi, ƙofar nozul ɗin kamar silin gashi. Ɗigon ruwa ko ɓurɓushin ƙosai ɗaya ya isa. Injekta guda ɗaya kuɗinta ya sayi gas na wata da watanni.

Mai Janareta a Sabon Gari: To mai kyan fa, wanda aka dafa yadda ya kamata? Shi ba ya da illa ga inji?

Malamin Kimiyya: Yana da halayen da sai an sani. Mai wanki ne, yana kankaro duk dattin da ya shekara a gindin tanki ya kai wa filta, don haka makonnin farko za ka canza filta sau ɗaya ko biyu, mutane su ce man ne ba kyau alhali tankinsu ne. Yana kumbura tsohuwar roba, tiyo da sil na injunan da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 sukan fara yoyo in kason ya yi yawa. Yana jan ruwa daga iska, kuma ba ya son ajiya, in ya wuce wata shida ya soma lalacewa, zafinmu kuwa ƙara masa sauri yake yi. Janaretan da ake tayarwa kullum kamar naka lafiya lau. Na ko-ta-kwana da ke yin wata uku ba a taɓa shi ba, shi ne abin ji.

Tsohon Ma'aikaci: Ni duk wannan bai dame ni ba, injiniyoyi sun gama da shi tuntuni. Indunisiya ta shiga B30 a 2020, B35 a 2023, B40 a 2025, motocinsu na tafiya. Barazil ta kai B15 da waken suya. Tambayar ita ce ina man? Indunisiya ita ce ta ɗaya a duniya wajen manja, amma duk da haka a Afrilun 2022 sai da ta hana fitar da shi na 'yan makonni saboda man girki ya yi wa talakawanta tsada. Mu da ko na miya bai ishe mu ba sai an shigo da shi? Ku je kasuwa ku tambayi litar man gyaɗa, ku tambayi litar gas. Wa zai ƙona mai tsada don ya huta da mai araha?

Ɗalibin Aikin Gona: Baba, amma ai ana maganar ɗumamar yanayi.

Tsohon Ma'aikaci: Ana yi. In daga man da aka gama amfani da shi ne, ribar a fili take. In kuwa sai an sare daji an dasa kwakwar manja, lissafin juyewa yake yi, shi ya sa Tarayyar Turai ta ce nan da 2030 za ta daina ƙirga na manja a cikin mai tsafta. In lafiyar huhunmu ake ji, farar wutar da ke cikin dizal ɗinmu ta fi gaggawa. Shekaru muka yi ƙa'idarmu na yarda da 3,000 cikin miliyan, Turai na kan 10. Sai a 2020 ECOWAS ta tsayar da 50.

Mai Injin Niƙa: Jama'a na dawo bayan sati biyu, na ce bari in kawo rahoto. Na bi layinmu gida-gida da galan. Mai kifi ce kaɗai ta ba ni, sai wani mai soya kaza a bakin titi. Duka-duka lita uku da rabi na tara, bayan na tace ya koma uku, yana ta ƙarnin kifi. Injina kuwa a yini ɗaya ya fi shan haka. Sai na kira yaron Oga ya zo ya canza nozul da filtar iska. Hayaƙin ya ragu sosai, jarkar da ke min kwana huɗu yanzu tana shiga na biyar.

Hajiya Mai Sabulu: Lita ukun nan fa, Alhaji? Kada ka zubar. Turo yaro da ita, in ba shi sabulu sanda biyu.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Hajiya a yi uku, ɗaya na gareji ne.